Hannun da Ke Gefen Hoton Kakana

Shekarun baya, lokacin da na sayi wata tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi a nan Parakou, na shiga wani hali da nake ganin komai na duniya yana bukatar gyara, kuma ni aka aiko in gyara shi. Abokina mai shagon ɗaukar hoto a unguwar Banikanni ne ya saka mini manhajar gyaran hoto, ya nuna mini yadda ake goge abu. Ka zagaye shi, ka danna, sai injin ya ɗebo bango ko ƙasa daga gefe ya lulluɓe wurin kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Ranar da na fara goge wani bokiti daga hoton ƙanwata sai da na miƙe na zagaya ɗaki don murna. Daga nan babu wanda ya tsira. Na cire wayoyin lantarki daga saman kawunan mutane, na kori masu zem, wato 'yan acaɓa, daga bayan amare, na rage wa wani maƙwabcinmu a unguwarmu ta Guéma tumbi, har matarsa ta aiko tana tambaya ko ana iya yin haka a jikin mutum.

Ban san wanda ya kai wannan labari garin Djougou ba, amma ya isa kunnen kakata, mahaifiyar babana. Mu asalinmu fataken goro ne, kuma tsohon gidanmu yana can har yanzu. Kakana ya rasu kafin a haife ni, sai aka sa mini sunansa. Don haka kakata ba ta taɓa kiran sunana ba, tunda sunan mijinta ne, kuma matan zamaninsu ba sa faɗin wannan ko da wasa. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata uwargida, mu yi ta faɗan cefane da ba na bayarwa.

Da na je gaishe ta bayan damina, ban gama shan ruwa ba ta ce, "Maigida, an ce kana wanke hoto da inji."

Na ce, "Ba wanki ba ne, uwargida, gyara ne."

"Ko ma mene ne. Sauko mini da wancan."

Hoton kakana ne, guda ɗaya tak da muke da shi a duk dangi. Tun ina yaro yake rataye a ƙusa ɗaya a ɗakinta, saitin gadonta. Yana zaune a kujera a ƙofar zaure, da babbar riga da rawani, huhun goro a gefen ƙafarsa. A bayansa akwai keke jingine da bango, da rabin wata akuya da ta zo wucewa. Can gefen dama kuma, inda asabarin ƙofa yake, akwai wani hannu da ya leƙo riƙe da moɗar ruwa. Babu fuska, babu kafaɗa, hannu kawai daga gwiwa. Rufin ɗakin ya yi yoyo a daminar, ruwa ya shiga bayan gilashin, funfuna ta kama gefen daman nan tana ci.

Ta ce, "Ka kai, ka cire masa dattin, ka dawo mini da shi." Da kanta ta naɗe shi a ɗankwali, ta ƙulla, ta sake kwancewa ta ƙulla. Na rungume shi a ƙirji har Parakou, a cikin taksin da aka cusa mu kamar buhunan doya.

A shagon abokina muka tarar takardar ta manne da gilashin. Ya ce mu fara kwafe shi zuwa kwamfuta a haka, muka yi, ya fito sarai. Sannan ya ɗauko reza ya ce bari ya ɓamɓare shi a hankali don mu sa shi a sabon firam. Ya ɓamɓaru kam, amma ba duka ba. Fuskar hoton ta zauna a jikin gilashi, takardar ta taho fara fat, abin da ya rage kuma ya rinƙa marmashewa yana zuba a kan tebur. Muka tsaya muna kallon juna.

Ya ce, "Pas de problème, mon frère. Ba damuwa, ɗan'uwa, ai tsohon yana cikin kwamfuta."

Ni ma na yarda, don ina son in yarda. Nan take na zauna na kama aiki. Na bi tabon funfunar nan ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, da na iso kan hannun da ke tsakiyarsu na zagaye shi na danna, asabari ya rufe wurin tsaf. Na danna ajiyewa ina jin daɗin kaina. Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya yi ihu.

"A kan na asalin kake ajiyewa? Kai wane irin mutum ne? Kullum ka fara yin kopi!"

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, datti kawai na cire da wani hannu da ba a san mai shi ba. Daga nan dai na bi maganarsa, duk abin da na ƙara taɓawa a kan kopi na yi shi. A gida na kori akuyar, na ɗauke keken, na haskaka rigar har ta yi kamar yau aka karɓo ta daga wurin mai bugu. Muka buga shi babba, muka sa shi a firam mai ruwan gwal. Duk wanda ya gani a Guéma sai ya ce kakana ya fito kamar wani babban alƙali.

Na koma Djougou ina tafe ina shirya yadda zan karɓi godiya. Kakata ta karɓa da hannu biyu, ta matso da shi kusa da idonta, ta nisantar, ta karkata shi wajen hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini.

"Wannan ba shi ba ne."

Na yi dariya, na ɗauka wasanmu ne na kullum. Na ce, "Haba uwargida, don ya fi ni kyau shi ne za ki ƙi shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba shi ba ne, Maigida."

Na zauna na ƙura wa hoton ido. Hancin nan nasa ne, irin na babana, irin nawa. Ban taɓa fuskarsa ba ko kaɗan, wannan zan iya rantsewa. Na tambaye ta ko girman ne ya yi yawa, ta ce a'a. Ko firam ɗin ne, ta ce firam ai katako ne. Na ce to me ya ɓace, ta kau da kai ta ce ni da na yi boko ne zan tambaye ta.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar, har na tsayar da cewa akuyar ce. Tsofaffi suna da abin da suke riƙewa, wataƙila akuyar sadakinta ce ko ta gadon uwarta. Na mayar da akuyar, muka sake bugawa, na sake hawa taksi.

Na ce, "Ga akuyarki ta dawo."

Ta duba ta ce, "Sannunta da hanya. Amma ba shi ba ne."

Na mayar da keken. Na rage hasken rigar. Abokina ya ce matsalar launi ce, tsofaffin hotuna suna da wani ja-ja da idonta ya saba da shi, muka zuba masa ja-ja. Har wani ɗan tsagewa da gilashin da yake da shi a sama na zana da hannuna, ni da na fara aikin don cire datti na koma ina ƙirƙirar datti. Direbobin tashar Djougou suka san ni, ɗaya yana ce mini mai tallan kaka. Kowace tafiya amsa ɗaya ce. Wallahi a duk wannan zirga-zirgar ko sau ɗaya hannun nan bai faɗo mini a rai ba, domin a kaina yana cikin funfunar da aka ce in cire.

Na kai ƙara wurin babana a shagonsa. Ya saurare ni yana auna wa wata mata shinkafa, ya ce, "Tsufa ne. Inna ta fara rikicewa, ka rabu da ita." Na so in yarda, amma matar da ke tuna ranar da aka yaye kowane jika, da wanda ya ari tukunyarta bai dawo da ita ba, ban ga alamar rikicewa a tare da ita ba. In akwai wanda ya rikice a gidan, ni ne.

Sai ranar da ta faɗi abin da nake tsoro. Ta ajiye sabon hoton a kife a kan tabarma ta ce, "Ka ga, ka huta haka. Kawo mini nawa na da, da dattinsa. Na fasa wankin."

Na sunkuyar da kai. Na ce yana Parakou, zan kawo. Ta ce to. Na ɗaga kai na ga ƙusar nan a bango babu komai a jikinta, sai farin wurin da firam ɗin ya bari. Ta ƙi yarda a rataya ko ɗaya daga cikin nawa. Yarinyar da ke mata aike ta ce mini tun da na tafi da hoton, kaka ta juya matashinta ta koma kwana tana fuskantar ɗaya bangon. Na fito tsakar gida na tsaya, ban san inda zan sa kaina ba.

Gwaggona ce ta cece ni, ƙanwar babana da ke zaune tare da kaka. Duk wannan lokacin tana Pélébina wurin 'yarta da ta haihu, tana mata wankan jego. Ta dawo na same ta a tsakar gida tana raba wagashi, cukun Fulanin da ta zo da shi tsaraba. Na baje mata hotunan nan duka a kan tabarma, na ce don Allah ta duba ta gaya mini abin da tsohuwar nan take nema, kafin in haukace.

Kallo ɗaya ta yi musu. Ta ce, "Ina hannun?"

"Wane hannu?"

"Hannun da ke miƙo moɗa."

Na ce, "Au, wannan? Ai na goge shi. Ba a san ma na waye ba."

Gwaggo ta saki wuƙar da ke hannunta ta yi salati. Ta waiga ɗakin kaka, ta jawo ni ta rage murya.

"Hannun Inna ne, sakarai. Ina 'yar yarinya ranar. Mai hoto ya zo da akwatinsa ya shanya Baba a rana yana ta gyare-gyare, har Baba ya ce a ba shi ruwa. Inna ba za ta fito gaban baƙo ba, sai ta miƙo ta bayan asabari. Daidai nan mutumin ya ɗauka. Da ya kawo hoton ya ce ya ɓaci, a sake wani, Baba ya ce a bar shi haka. Duk zamansu na duniya, nan ne kaɗai suke wuri ɗaya a takarda."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini tun ranar farko? Ta bar ni ina ta hawa mota?"

"Ta faɗa maka ta ce me? Ta ce ga ni nan ni da mijina? Matar da sunansa ma ba ta iya furtawa? Ni da na fito daga cikinta ban taɓa jin ta ce nata ne ba. Je ka mayar da shi kawai."

A nan na gaya mata ba ya mayaruwa. Na gaya mata labarin reza da gilashi, da yadda na danna ajiyewa a kan na asali. Gwaggo ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zubar da miyar biki. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma wurin abokina. Ya bincika kwamfutarsa ciki da waje, babu. Sai ya ce hannu ai hannu ne, ya samo wani a intanet, muka ɗora masa moɗa muka manna. Na tura wa gwaggo ta waya don ta fara gani. Ta kira ni nan take ta ce, "Wannan mai dogayen faratan ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. In ka kawo shi gidan nan, ni da kai ne." Na ce to ta ara mini nata in ɗauka. Ta ce nata gajere ne irin na dangin Baba, Inna za ta gane tun daga ƙofa.

Ba yadda na iya, na je na durƙusa gaban kakata na faɗa mata gaskiya, cewa tsohon hoton ya lalace a hannuna, babu shi. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "To. Allah ya sa iyakarta ke nan." Na gwammace ta yi mini faɗa. Na daure na koma muryar wasa, don ita kaɗai ce ƙofar da ta rage mini.

Na ce, "Uwargida, ki ara mini hannunki in ɗauka a hoto, in mayar inda na goge."

Ta ɗago da sauri. "Hannuna? Wa ya ce maka hannuna ne?"

"Gwaggo ce ta..."

"Gwaggonka tana da shekara nawa a lokacin? Wata yarinyar maƙwabta ce aka aika da ruwa. Ni me zai kai ni zaure? Tashi ka ba ni wuri, miji ba cefane sai surutu."

Na fito kaina ya ƙara kullewa. Gwaggo ta ce nata ne, ita ta ce na yarinyar maƙwabta ne. In na maƙwabta ne, me ya sa aka wahalar da ni haka? In nata ne, ga shi ta kore ni. Na yanke shawarar in kwana, da safe in kama hanyar Parakou, in bar gyaran hoto har abada in koma taya babana auna shinkafa.

Da hantsi ina ɗaure jakata gwaggo ta leƙo tana danne dariya, idonta kuma ya yi ja. Ta ce in ɗauko abin ɗaukar hotona in fita ƙofar gida. Na fita. Babu kowa a ƙofar zaure, sai asabari a sake. Ina shirin juyawa sai ga hannu ya leƙo ta gefensa, riƙe da wata tsohuwar moɗa da aka goge da toka har tana ƙyalli. An ƙunsa masa lalle ya kama jawur. Akwai munduwar azurfa a wuyansa, wadda ban taɓa gani ba, ta yi masa yawa tana zamewa.

Murya ta fito daga bayan asabari. "In za ka ɗauka ka ɗauka, ruwan nan da nauyi."

Na ɗaga abin ɗaukar hoton.

Ta ce, "Ba nan ba. Matsa hagu, wajen dutsen nan. Can mutumin ya tsaya."

Na matsa. Na saita shi. Na ɗauka, na sake ɗauka. Hannun ya koma ciki, muka ji takunta tana komawa ɗaki a hankali.

A Parakou na zauna na mayar da shi wurinsa, na daidaita haske da inuwa har ya zauna kamar tare aka ɗauke su. Abokina ya ce in goge tamojin fatar da jijiyoyin, in mayar da shi na mai ƙuruciya kamar yadda yake a da, aikin ɗan lokaci ne. Na zagaye wurin, yatsana yana kan abin dannawa, na kasa. Ban san yadda na da yake ba, ban tsaya na kalle shi ba kafin in goge. Wannan kuwa na san na waye. Na bar shi yadda yake, ina tsoron kada a sake ce mini ba shi ba ne.

Ta karɓa kamar kullum, ta kai shi wajen hasken ƙofa. Wannan karon ta fi daɗewa. Ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin, duk da babu ƙura a kansa.

Ta ce, "Ka ga rashin adalci. Shi yana nan yadda yake. Mai kawo ruwan ce ta tsufa."

Na ce, "Yarinyar maƙwabtan?"

Ta harare ni. "Rataye mini shi, ka cika ni da magana."

Na rataye shi a ƙusarsa.

Yanzu wayar kowa tana wannan aikin, ka shafa yatsa a kan abu ya ɓace, ba sai ka je Banikanni wurin kowa ba. Ni ma ban bar gyaran hoto ba, babana ya ce ba na iya awo. Amma in aka kawo mini tsohon hoto aka ce in cire datti, sai na zaunar da mai shi na bi komai da yatsa ina tambaya, wannan fa, wancan fa, har wasu su gaji su ce ni ɗan sanda ne. Har yau ban gama gane mutanen zamanin nan nasu ba, yadda mutum zai riƙe abu a ransa tsawon rai, ya gwammace ya rasa shi da ya buɗe baki ya ce nawa ne. Wani lokaci abin yana ba ni haushi, wani lokaci ina jin mu ne muka yi asarar wani abu.

Kakata ta rasu ba ta taɓa yarda an ɗauki fuskarta ba, kuma ba ta taɓa janye maganar yarinyar maƙwabta ba. Hoton yana ɗakina a Guéma. Baƙi sukan tsaya su yaba rawanin da rigar, sai wani mai ido ya ce, kai da kake wannan sana'ar, me ya sa ba ka goge hannun tsohuwar nan ba, ai ya ɓata hoton. Sai in ce masa a bar ta, ruwa take ba shi.